Wasan da Ba Mu Kai Ƙarshensa Ba

An rushe katangar filin da muke wasa a unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi. Na bi ta wurin da safe zan je gaisuwar rasuwa, sai na tarar da leburori suna kwasar bulo, an riga an ja igiya an auna inda za a gina shaguna. Na tambayi wani saurayi da ke tsaye yana danna waya ko ya san abin da ake yi a wurin a da. Ya ce ya ji an ce garejin motoci ne. Ban gyara masa ba, na wuce. Amma tun daga ranar abin yake cina, domin in ban faɗa ba, babu wanda ya rage da zai faɗa. Waɗanda muka tsaya tare a filin nan duk sun riga ni gidan gaskiya, sai mace ɗaya da ta koma garinsu, ban kuma san ko tana raye ba. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, don ni ban iya labarin da ake farawa daga tsakiya ba.

Da farko, mutumin kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda 'ya'yansa da jikokinsa suna nan cikin gari, kuma za ku gane dalili in kun kai ƙarshe. Maigida muke ce masa. Ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin gona, yana bin manoman shinkafa na fadamar Zauro a kan keke, amma wannan hanyar cin tuwo ce kawai. Wasan kwaikwayo shi ne ransa. Dogo ne siriri, in ka gan shi yana cinikin albasa a kasuwa ba za ka sake dubansa ba. Sai ya shiga fili. Na ga ya fito a alƙali, har wani tsoho cikin 'yan kallo ya cire takalmi ya durƙusa. Na ga ya fito a mahaukaci, yara suka watse da gudu, har da 'yar cikinsa. Shi ke ƙirƙiro labari, shi ke raba wa kowa matsayinsa, shi ke ɗaukar wanda ya fi wuya. Ni kafinta ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma an kira ni ne don in kafa musu katako. Ya dube ni ya ce fuskata ba ta san dariya ba, ta dace da uba. Tun daga nan ni ne uba a kowane wasa, shekara da shekaru.

Na biyu, yadda muke aiki. Ba mu da takarda. Bayan la'asar mukan taru a gindin dogon yaro, ya zauna bisa turmin da aka kife, ya ba da labarin daga farko har ƙarshe, sannan kowa ya nemo maganarsa daga bakinsa. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a taɓa jeri: wane ya shiga, wane ya fita, sannan wane. Ni ya ɗora wa riƙon wannan jerin a ka, kuma ban taɓa barin wani ya shiga gaban wani ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar gudumata ina kafa zana, da mai kalangu yana gwada fata, da masu tallan gyaɗa da rake suna rigimar wurin zama, da kiran sallar magariba da ke tsinke mana wasa ko an kai ina. Da can maza ke ɗaura zane su fito a mata, sai daga baya muka sami Sista, wata ma'aikaciyar asibiti Kirista da aiki ya kawo ta Birnin Kebbi, mace mai zuciya, wadda ba ta rabuwa da jakar magani ko biki za ta. Ita ta zama uwa, ni uba. Yanzu ina ganin jikokina a kwance bisa tabarma, kowa da wayarsa, kowa yana kallon nasa shi kaɗai. In abin ya gundure su, su ja da yatsa su tsallaka ƙarshe. In ya ba su tsoro, su tsayar da shi su sha ruwa. Mu ba mu da wurin tsayarwa. Mutane ne a gabanka, da numfashinsu, da abin da suka zo da shi a rai, da abin da suke riƙe da shi a hannu.

Na uku, ɗabi'arsa guda wadda ta jawo abin da ya faru. Maigida ba ya fitowa daga bayan zana kamar sauranmu. Tun kafin a fara zai sa kayan wasa ya sulale cikin jama'a, ya yi ta yawo a matsayin wanda zai fito, yana taya kaya, yana tsokanar mutane, har lokacin shigarsa ya yi, sai ya keto taro ya faɗo fili. Yakan ce ɗan kallon da ya riga ya goga kafaɗa da kai ba ya mantawa da kai. A Birnin Kebbi da Argungu kowa ya san shi da wannan, har yara kan yi gasar gano shi, wanda ya fara ganewa ya yi ta tsalle. Yana kuma da doka: in ya sa kayan wasa ba ya amsa sunansa, ko matarsa ce ta kira, sai ya koma bayan zana ya wanke fuska.

To, sai masu kula da lafiya suka nemi mu shirya wasan da za a kai ƙauyukan bakin gulbi, domin a ƙarshen damina zazzaɓi kan ɗebi yara, mutane kuma su ce mayu ne, su ƙi kai su asibiti. Maigida ya tsara shi kashi biyu. A kashi na farko wani tsoho baƙo zai shigo gari da gora, ya dubi yaro ya yaba shi, yaron ya kwanta ciwo, gari ya taso wa tsohon. A kashi na biyu uwa za ta ɗauki ɗanta ta kai asibiti, a gano cizon sauro ne, ya warke, a gane tsohon matafiyi ne kawai mai jin yunwa, uba ya durƙusa a gabansa ya nemi gafara. Maigida ne ya ɗauki matsayin tsohon. Ya yi gemu da auduga, ya shafa toka, ya zizara jan abu a gefen ido. Kuma da yake ana cewa maye yana da ƙanƙara a cikinsa, wadda yake gadar wa 'ya'yansa, sai ya tsinci fararen tsakuwoyi a bakin ruwa ya zuba cikin gorar, in ya girgiza su yi ƙas-ƙas. Mun yi wasan a Argungu, mata suka yi kuka a kashi na farko, suka yi guɗa a na biyu. Muka ce aiki ya yi.

Ranar da za mu ƙauyen, wanda shi ma ba zan faɗi sunansa ba, gulbi a cike yake. Mota ta sauke mu a Argungu, daga nan sai jirgin ruwa. A ƙa'ida ni ke fara isa gari, in gaida maigari, a sa mai shela ya zagaya ya ce ga 'yan wasa sun zo, sannan a kafa zana, sannan Maigida ya fara yawonsa. Ranar jerin ya juye. Ya riga ya sa kayansa tun a Argungu, ya shiga ƙaramin kwalekwalen wasu masunta ya yi gaba. Namu kuwa, da katako da zana suka yi masa nauyi, ruwa ya fara shigowa, dole muka koma gaɓa aka sake lodi. Kafin mu ƙetare, rana ta karkata.

Abin da na fara lura da shi shi ne babu yaro ko ɗaya a mashiga. Duk ƙauyen da ka je da kalangu yara ne ke fara tarbarka. Nan kuwa tsit, sai jirage a ɗaure da taru a shanye. Muna cikin sauke kaya sai muka ji kururuwar mace daga cikin gari, irin wadda ba a yi sai rai na fita, sannan hayaniyar maza ta biyo baya. Na ajiye katako na ruga, Sista tana bayana da jakarta.

Muka sami Maigida zaune a ƙasa a ƙofar wani gida, an kewaye shi. Wasu da sanduna, wasu da filafilin tuƙi, wani da mashin kifi. Gorarsa ta kife, tsakuwoyin sun watse a ƙasa, kuma duk cinkoson nan babu wanda ya yarda ƙafarsa ta je kusa da su. Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. Ya shigo gari yana yawonsa kamar kullum, ya tsaya ƙofar gidan ya roƙi ruwa. Aka aiko wani yaro ƙarami da ƙwarya, wanda ashe ya kwana biyu da zazzaɓi. Maigida ya sha, ya dubi yaron da jan idon nan, ya girgiza gora, ya faɗi maganar da yake faɗi a wasa: "Kai, wanga yaro na da daɗin jini." Uwar tana ji daga zaure. Yaron ya koma ciki, ba a jima ba ya faɗi yana sandarewa, idanu suka juye.

Na kutsa ina ɗaga hannu. "Ku dakata, bayin Allah! Wasa na! Ɗan wasa na, tare muke!"

Wani ƙato ya juyo da filafili. "Tare kuke? Ashe ayari guda kunka zo."

Maigida kuwa, karon farko a rayuwarsa, ya karya dokarsa. Ya fizge gemun auduga, ya goge tokar da hannun riga, ya yi magana da muryarsa ta gaskiya, yana faɗin sunansa da ofishin da yake aiki. Da ya sani da bai yi ba. Taron ya ja da baya da salati, wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. "Kun gani! Ya sake kama! Ɗazu tsoho na, yanzu ga shi saurayi!" Dutse na farko ya same shi a kafaɗa.

Allah ya kawo maigari, dattijo ne mai sanda, aka dare masa. Na durƙusa na yi masa bayani a jere, daga masu kula da lafiya har jirgin da ya yi yoyo. Ya saurara har na gama, sannan ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"An aiko min za a zo wasa. Ba a ce min za a zo ƙohwar mutum a yaba jinin ɗanai ba. Ni na ji ka, amma dubi idon mutanen ga. Ban iya tsai da su. Abu guda ya rage: abokinka shi tsallake yaron, shi ce ya sake shi. In yaron ya cika bai tsallake ba, ba shi hita garin ga da rai, ku ma ban lamunce muku ba."

Kowa ya san al'adar. Wanda aka kama da maita akan tuɓe shi ya tsallake mara lafiya, ya kurkure baki a ba shi ruwan, wai kurwar ta koma. Kowa kuma ya san wanda ya yarda ya tsallake ya amsa laifi ke nan da bakinsa.

Aka bar ni na tsuguna kusa da Maigida.

"Kahinta," ya ce, "ka ga inda nike? In na tsallake ya cika, sun kashe ni. In na tsallake ya tashi, na zama maye, ni da ɗiyana da ɗiyan ɗiyana."

"In ba ka tsallake ba hwa?"

"Wanga kam yanzu na."

Na ce, "To mu bi abin da jeri, Maigida. A hwara da rai."

Muna wannan, Sista ta riga ta yafa gyalenta ta nufi cikin gidan. Aka tare ta, ta ce, "Ku matsa, ni uwa ce. Maza kun cika ƙofa kun bar mace ita kaɗai da yaro a hannu, ba ku ji kunya ba?" Da yake mace ce, kuma ta faɗa da tsawa, suka ba ta hanya. Abin da ta yi a ciki ba kowa ya gani ba: ta tuɓe wa yaron riga, ta yi ta shafa masa ruwa, ta yi masa allura daga jakarta.

Aka fito da yaron zaure bisa tabarma. Ƙaramin abu, wuya kamar kara, haƙora a dantse. Ubansa na tsaye a kansa, matashin masunci ne, yana riƙe da filafili, hawaye na zuba bai ma san suna zuba ba. Ban taɓa jin haushin mutumin nan ba, ko a ranar. Ɗansa ne a kwance. Aka tuɓe Maigida daga shi sai wando, haƙarƙarinsa a fili. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya dawo ya sake tsallakewa, aka ba shi ruwa ya kurkure baki, aka ɗiga wa yaron a leɓe. Sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Na sake shi."

Uban ya girgiza kai. "Ba da wagga murya kak kama shi ba. Da wadda kak kama shi, da ita za ka sake shi."

Na ga Maigida ya rufe ido. Sai bayansa ya lanƙwashe a hankali, wuyansa ya shige kafaɗa, hannunsa ya kama rawa irin ta tsufa. Babu gemu, babu toka, babu gora, amma wallahi tsohon nan ne ya tsaya a gabanmu. Ya buɗe baki muryar ta fito a shaƙe kamar daga cikin rijiya: "Na sake shi. Tashi, yaro. Ban son jininka." Mutanen da ke bakin ƙofa suka ture juna suna ja da baya. Ni da na ga wasan nan tun ana ƙirƙirarsa a gindin dogon yaro, sai da tsigar jikina ta tashi. A duk shekarun da na yi ina kallonsa bai taɓa fitowa kamar ranar ba, kuma babu wanda ya tafa.

Daga nan sai jira. Aka mayar da yaron ciki, aka zaunar da mu a zauren, maza suka zauna a waje da sandunansu bisa cinya. Muka nemi buta mu yi la'asar, aka miƙo mini, shi aka ƙi miƙa masa, sai da na zuba masa da hannuna. Kunnuwanmu na cikin gida. Duk tarin da aka yi, duk ƙwaryar da ta faɗi, sai in ce yanzu kururuwar za ta tashi. Sauro ya fara fitowa daga fadama yana cizonmu, shi da ya yi aikin, babu mai duban sa. Ina kallon inuwar ƙofa tana tsawo, ina tunanin wa zai kai wa uwata labari, da kuma ko za a ba da gawarmu ko ruwa za a ba.

Gab da magariba sai muka ji guɗa. Sista ta leƙo, fuskarta duk gumi, ta ce zazzaɓin ya sauka, yaron ya buɗe ido ya nemi kunu. Maigida ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Sannan ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa ya ce, "Shi ke nan kuma." Kafin a sake mu aka sa shi ya tsince tsakuwoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kada ya bar musu ko guda. Ya ƙulle su a tsumma. Mai jirgin da ya mayar da mu bai ɗaga ido ya dube shi ba har Argungu. Zanarmu ko kwance ta ba mu yi ba.

Abin da ya biyo baya ya zo a hankali. Labarin ya bi masu kifi ya shigo kasuwa. Da fari waɗanda suka san shi dariya suka yi, har ana tsokanarsa. Sannan dariyar ta ragu. Sai ka ji ana cewa, to amma ai yaron ya tashi. Sista ta faɗi maganar allura har ta gaji, aka ce ai kowa na yin allura yara na mutuwa. In Maigida ya biyo layi a kan keke, sai ka ga uwa ta ja ɗanta cikin zaure kamar wani aiki ta tuna. A gidan suna aka daina miƙa masa jariri. 'Yarsa ta fari, wadda ta taɓa gudunsa ranar da ya fito a mahaukaci, da ta isa aure, dangin masu nema sukan je bincike su dawo shiru, sai daga baya wani ɗan uwan Maigida ya aure ta. Maigida bai sake taka fili ba. Ya ci gaba da tsara wasa shekaru da yawa, daga bayan zana, yana leƙe ta kafar da na huda masa, kuma wasannin sun yi kyau. Amma yara sun daina neman shi cikin taro, don ba ya nan. Da kaset ya zo, sannan faifai, mutane suka koma ɗaki, ƙungiyar ta watse ba tare da an ce an watse ba.

Sai kuma maganar shinkafa. Da kakar farko uban yaron ya zo har Nassarawa da buhun shinkafa a ka, ya ajiye a ƙofar Maigida. Haka kaka ta biyu, haka ta bayanta. Maigida ya ɗauka godiya ce. Wata shekara, ina zaune, ya ce masa ya isa haka, ya mayar ya ci da iyalinsa. Mutumin ya zube a ƙasa.

"Don Allah, Baba, mi munka yi? Yaron ya hwara girma, shi ka taya ni su ga gulbi. In ta yi kaɗan a ƙaro."

A nan muka gane ba godiya ba ce, fansa ce don kada a sake kama yaron. Maigida ya zaunar da shi, ya yi masa bayani tun daga auduga da toka har sauro da allura, har ya ce a kira Sista. Mutumin yana duban ƙasa yana cewa, "Hakanan na, Baba. Dut yadda kac ce." Ya tafi ya bar buhun. Ba a taɓa dafa shinkafar nan a gidan Maigida ba. Maƙwabta ba sa karɓa, sai Sista ke ɗauka ta kai wa masu jinya waɗanda ba su san daga ina ta fito ba. Ni ban yarda da maita ba. Cuta ta Allah ce, sauƙi nasa ne. Amma tsoron ranar bai bar ni ba. Har yau in na ji an yi ihu a kasuwa mutane sun ruga wuri ɗaya, sai in nemi bango in dafa.

Da ciwon ajali ya kama Maigida na je duba shi. Ya sa aka fita, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro ƙullin tsumman nan, ya riga ya yi baƙi don tsufa. Ya sa mini a hannu.

"Kahinta, kai ka riƙon jeri. Ba mu yi kashi na biyu ba."

Na ce, "Na sani, Maigida."

Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabarinsa.

Da kaka ta zo, ina zaune a ƙofar shagona, sai ga wani mutum da buhu a bayan babur. Magidanci ne, har furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gaishe ni ya ce shi ne yaron, ubansa ya tsufa ba ya iya tafiya. Ya yi mini gaisuwar rasuwa yadda ya kamata. Sannan ya matso ya rage murya.

"Baba, to yanzu wa za mu riƙa kai ma? An ce ɗiya tai ta hwari na nan cikin unguwa. Ita ta gada?"

A lokacin mijin 'yar Maigida ya rasu, tana sayar da ƙosai a bakin layi tana ciyar da marayunta. Buhu ɗaya a ƙofarta ya isa ya kashe mata kasko, ya bi 'ya'yanta har inda za su. Na yi tunanin in yi masa bayanin sauro. Sai na tuna wanda ya fi ni iya magana ya yi wannan bayanin shekara da shekaru bai shiga ba.

Na ce, "Jira ni." Na shiga ciki na ɗauko ƙullin. "Kai ni bakin gulbi."

Muka je a kan babur ɗinsa, da rana tsaka, masu wanki da masu kifi suna nan. Na tsaya inda za su gani. Na kwance tsumman, fararen tsakuwoyin suka bayyana, mutumin ya yi baya har ya kusa faɗuwa. Na ɗaure fuska, ita ce dai fuskar da aka ɗauke ni wasa dominta, na ɗaga murya.

"Ka san ko mi na wanga?"

"Na sani, Baba."

"Kahin shi cika ya amayo su dut a hannuna. Ya ce bai bar ma kowa ba, ba ɗiya ba, ba jika ba. Ya ce in zuba su ga ruwa gaban idonka. Duba da kyau, kada gobe ka ce an ce."

Na watsa su tsakiyar ruwa. Suka nutse. Na bi su da tsumman.

Ya daɗe yana kallon wurin. "Har abada, Baba?"

"Har abada. Kwashe shinkahwarka ka kai ma ɗiyanka."

Ya tsuguna a gaɓa ya yi kuka kamar yaro, mutumin da ya tashi tun yana ƙarami yana jin ransa aro ne. Labarin ya bi masu kifi ya shigo kasuwa, ta hanyar da na farko ya bi. Buhu bai sake zuwa ba. Na nemi gafarar Allah a kan maganar da na faɗa, ina kuma nema har yanzu, amma da za a mayar da ni bakin ruwan nan ita zan sake faɗi. Kwanan baya na je wani suna a unguwa, na hango an miƙa wa 'yar Maigida jaririn, ta karɓa tana yi masa wasa, babu wanda ya ce komai.

Wannan ita ce fitowata ta ƙarshe, babu zana, babu kalangu. Na san ba ita ce kashi na biyun da Maigida ya tsara ba. A nasa, uba ne ke durƙusawa gaban tsohon ya ce mun zalunce ka, ka yafe mana. Na riƙe maganar a kaina tun ranar da muka ƙetare gulbi, ban sami inda zan faɗe ta ba. Da na wuce filin nan na ga ana kwasar bulo, sai da na kai kwanar layi inda babu kowa, na tsaya na faɗe ta.